Kanwa da Toka Ƴan Uwa Ne, To Wa Ya Haife Su?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata kalma da muke ji a ajin shimi tun muna lise. Mun rubuta ta a kaye, mun hardace ta don jarrabawa, amma ba mu cika tsayawa mu tambaye ta daga ina take ba. Kalmar ita ce "famille". Mushe ya rataya tabulon sinadarai a bango, ya bi layin farko daga sama zuwa ƙasa ya ce waɗannan dangi ɗaya ne, halinsu ɗaya. Ya nuna wani layin can kusa da ƙarshe ya ce waɗannan ma haka. In ka san gidan da sinadari yake, ka san abin da zai aikata tun ba ka taɓa shi ba.

A shimi wannan magana gaskiya ce. Abin da ke damuna shi ne yadda take fita daga aji ta shiga fada. Ana gardama kan wani aure da aka hana don kakan saurayin mahauci ne, ko maƙeri, ko an ce asalinsu bayi ne, sai ka ji wanda ya yi seri D, mai ilimi da shi, ya kurɓi shayi ya ce: "Ai ko kimiyya ta yarda, kowane abu halin danginshi shika yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Da can da karin magana kaɗai ake kare wannan ra'ayi. Yanzu an samo masa rigar boko. Saboda haka ya kamata mu koma ga tabulon mu duba da kyau: shin da gaske abin da ya faɗa ke nan?

Abin da ke zaure

Kowane atom yana da cibiya, inda kusan dukkan nauyinsa yake. Yawan furoton da ke cikin cibiyar shi ke ba sinadari sunansa: mai 11 sodiyom ne, mai 17 kulor ne, mai 6 karbon ne. Kewaye da cibiyar akwai elektoron, suna zaune hawa-hawa. A sinadarai ashirin na farko lissafin mai sauƙi ne: hawan farko yana ɗaukar 2, na biyu 8, na uku 8, saura su fara na huɗu.

Ku ɗauke shi kamar gida. Baƙo ba ya ganin ɗakin tsakiya, iyakarsa zaure. Idan atom biyu suka haɗu, cibiyoyinsu ba sa taɓa juna, elektoron na hawan ciki ma ba ruwansu. Na hawan waje, na zaure, su ke gaisawa, su ke ciniki, su ke faɗa. Su ake kira elektoron na valans, kuma yawansu shi ke yanke yadda sinadari zai zauna da wasu.

Litiyom tsarinsa 2, 1. Sodiyom 2, 8, 1. Potasiyom 2, 8, 8, 1. Nauyinsu ya bambanta sosai, amma kowanne yana da elektoron ɗaya tilo a zaure, kuma abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya rabu da shi. Shi ya sa dukkansu ƙarafa ne masu taushi da wuƙa ke yankawa, ana ajiye su cikin mai don kada iska ko laima ta taɓa su. In aka jefa su a ruwa, litiyom ya yi ta tsuwa a hankali, sodiyom ya narke ya dunƙule yana yawo a saman ruwan, potasiyom kuwa nan take ya kama da wuta. Dalili shi ne duk sa'ad da ka gangara ƙasa a layin, elektoron ɗin zauren yana ƙara nisa da cibiya, riƙon da ake masa yana ƙara sassauci. Saboda wannan zafin hali ba a samun su tsurarsu a ƙasa. Sai a 1807 Bature Hamfire Debi ya iya ware potasiyom da sodiyom a Ingila ta hanyar lantarki.

Iyayenmu mata sun san wannan zumunci tun kafin a zana tabulo. Wake ya ƙi dahuwa, a sa kanwa. Kanwa ta ƙare, a tace ruwan toka a zuba, ya yi aikin. Kanwa gishirin sodiyom ce, ruwan toka na potasiyom ne. Har sunayen suna ɗauke da labarin: alamar Na ta fito daga "natrun", sunan kanwa da Turawa suka karɓa ta hannun Larabawa, alamar K kuma daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsiro.

A ɗaya gefen tabulon akwai masu 7 a zaure: fuliyor mai 2, 7, da kulor mai 2, 8, 7, sai burom da iyod. Su saura ɗaya su cika takwas, don haka kwaɗayinsu na karɓa ne. A nan abin ya juya: na sama ya fi na ƙasa zafi, domin zaurensa ya fi kusa da cibiya, jansa ya fi ƙarfi. Kusa da su sai gidan ƙarshe, na su neyon mai 2, 8 da argon mai 2, 8, 8, waɗanda zaurensu ya cika, ba sa neman bayarwa ba sa neman karɓa.

Yanzu ku haɗa mai neman bayarwa da mai neman karɓa. Sodiyom, ƙarfen da ke hauka a ruwa, ya miƙa elektoron ɗinsa ɗaya ga kulor, iskar gubar da aka yi yaƙi da ita a Ifir ta ƙasar Beljiyam a watan Afrilu na 1915. Abin da ya fito shi ne gishiri, irin wanda ayari ke ɗaukowa kantu-kantu daga Bilma, irin wanda miya ba ta yi sai da shi.

Hujjar mai gardama

Kada mu raina hujjar abokinmu na fada, don tana da tushe. A 1869 malamin nan na Rasha, Dimitiri Mandaliyef, ya jera sinadarai sittin da ƴan kai da aka sani a lokacin. Bai san elektoron ba, don sai a 1897 aka gano shi. Nauyi da hali kaɗai yake kallo. Da ya ga wasu gurabu ba su da mai cika su, ya bar su fanko, ya ce akwai masu gidan, ba a dai gano su ba, har ya faɗi siffarsu. A 1875 wani Bafaranshe ya gano galiyom, ya auna kaurin jikinsa ya sami 4.7. Mandaliyef, wanda bai taɓa ganin ƙarfen da idonsa ba, ya aika cewa a sake aunawa, ya kamata ya kai wajen 5.9. Aka tsarkake ƙarfen aka sake awo, aka sami 5.9. A 1886 aka gano jarmaniyom a Jamus, nauyinsa 72.6, alhali ya yi hasashen 72. Daga baya aikin Mozili a 1913 da na Luwis a 1916 suka bayyana dalilin da ya sa jerin ke aiki, wato yawan furoton da tsarin elektoron na waje.

To, mutum ya zauna a ɗakinsa ya faɗi halin abin da bai gani ba, don kawai ya san gidansa, kuma ya dace. Mai gardama zai ce, me ya rage? In an iya haka da ƙarfe, don me tsohuwa ba za ta faɗi halin yaro daga jin sunan kakansa ba?

Wa ya haifi wa?

Nan ne ɗalibin harshe yake da abin cewa. A Hausa muna da kalmomi da dama da "famille" ɗaya ta haɗiye. Zuri'a ta jini ce, wane ya haifi wane. Iyali su ne waɗanda ke ƙarƙashin kulawar mai gida. Dangi kuwa fuska biyu gare shi. Akwai dangin jini, akwai kuma dangin kama, kamar in mace ta ce ta sayo tumatir da tattasai "da dangoginsu". Ba wanda zai ce tumatir ya haifi tattasai, ko suna da gado a gonar juna. Aikinsu a tukunya ne ya sa aka tara su.

Dangin tabulo na wannan fuska ta biyu ne. Litiyom bai haifi sodiyom ba, sodiyom bai haifi potasiyom ba. Ba su da kaka ɗaya da ya bar musu hali. An fara ganin abin da kowanne ke yi, sannan aka sa su layi ɗaya aka raɗa wa layin suna. Mandaliyef da kansa ya nuna wanne ne gaba. Bisa nauyi, ya kamata iyod ya zo kafin telur, don telur ya ɗan fi shi nauyi. Amma hakan zai jefa iyod cikin gidan su farar wuta, alhali halinsa na su kulor ne. Sai ya saɓa wa ƙa'idarsa ta nauyi ya ajiye kowa inda aikinsa ya nuna. Shi daga hali yake tafiya zuwa sunan gida. Mai hana aure saboda asali daga sunan gida yake tafiya zuwa hali. Kalma ɗaya suke amfani da ita, hanyarsu kuwa ta ba juna baya.

Abin mamakin shi ne akwai haihuwa ta gaske a cikin tabulon, kuma mu ƴan Nijar mun fi kowa kusa da ita. Uraniyom da ake haƙowa a Arlit tun 1971 cibiyarsa ba ta zauna daram ba. Sannu a hankali, cikin shekaru masu ɗimbin yawa, yana rikiɗa ya zama wani sinadari, shi ma ya zama wani. Masana har "uba" da "ɗa" suke kiransu. A cikin wannan zuri'a akwai radiyom, wanda ke gidan su kalsiyom masu 2 a zaure. Radiyom ya haifi radon, wanda iska ce ta gidan su neyon. Can ƙarshen salsalar sai dalma, wadda ke layi ɗaya da karbon. Kaka a wani gida, ɗa a wani, jika a wani.

Ga wani misalin da ya fi wannan. Kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa argon ne, sinadarin da aka raɗa wa suna da kalmar Girkanci mai nufin marar aiki, don ba ya kula kowa. Kusan dukkan wannan argon ɗin daga wani nau'in potasiyom ya fito, wanda cibiyarsa ta rikiɗa a cikin duwatsu tsawon zamani. Wato mai kama wuta a ruwa shi ne uban mai sanyin halin nan. Duk inda aka yi haihuwa ta gaske a tabulon, ɗan ba ya zama a gidan ubansa. In dole sai an ɗauko karin magana daga shimi, wadda ta dace ita ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Kama da wane ba ta wane

Ko mu bar batun haihuwa, mu tsaya cikin layi ɗaya. Sanin gida yana gaya maka yawan hannuwan da sinadari zai miƙa, amma ba ya gaya maka abin da zai yi wa jikinka.

Iyod da fuliyor gida ɗaya ne, kowanne 7 a zaure. Rashin iyod a abinci shi ke kawo maƙoƙo, yana kuma tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, shi ya sa ake zuba shi a gishirin sayarwa. Fuliyor kaɗan yana ƙarfafa haƙori, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha. Mutanen Tibiri, nan kusa da Maraɗi, sun san abin da ke faruwa in ya wuce. Daga tsakiyar shekarun 1980 yara suka yi ta shan ruwan famfo mai fuliyor fiye da kima, haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, wasu har yau da nakasar suke rayuwa. Je ka gaya wa uwar ɗaya daga cikinsu cewa ai iyod da fuliyor halinsu ɗaya.

Sodiyom da potasiyom, waɗanda tukunyar wake ba ta bambanta su, jikinmu yana bambanta su kowane daƙiƙa. A bangon ƙwayoyin jikinmu akwai wani ɗan famfo, wanda Yens Sikau na Danmak ya gano a 1957, aikinsa ya fitar da sodiyom 3 ya shigo da potasiyom 2, ba dare ba rana. Da wannan bambanci jijiya ke kai saƙo, da shi zuciya ke bugawa. Ranar da jiki ya ce ai duk dangi ɗaya ne, a bar su su cakuɗe, ranar rai zai fita.

Karbon da silisiyom kowanne 4 gare shi a zaure, kowanne yana kama oksijan biyu. Na karbon iska ce da muke fitarwa a numfashi, na silisiyom rairayi ne da muke takawa. Gangara ƙasa a layin ka tarar da dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Gidan da ya ba mu sinadarin da aka gina duk mai rai da shi, shi ya ba mu wannan gubar.

Wani lokacin ma yarda da kama ita ce ke kisa. A Amurka, a shekarun 1920, akwai ƴan mata da ke shafa fenti mai radiyom a fuskar agogo don ya riƙa haske da dare, suna lasar bakin burushi don ya yi tsini. Jikinsu ya ga radiyom ya yi kama da kalsiyom, 2 a zaure, sai ya karɓe shi ya ajiye a ƙashi. Daga ciki ya cinye su. Jikin ya yi abin da mai hukunci da sunan gida yake yi: ya duba gida, bai duba mai shigowa ba. Wannan kuskure yana ci ta fuska biyu. Yana sa a kori mutumin kirki don gidansu, yana kuma sa a miƙa ɗiya ga azzalumi don an ce ɗan babban gida ne.

Su ma ƴan gidan ƙarshe, da Turawa suka yi wa laƙabi da iskoki masu sarauta, shekara da shekaru littattafai na koyar da cewa ba sa haɗuwa da kowa, haka aka halicce su. A 1962 wani matashin malami, Nil Batlet, a jami'ar Bankuba ta Kanada, ya haɗa zenon da wani sinadari mai tsananin kwaɗayin elektoron, sai ga abu ya fito rawaya-rawaya a cikin kwalba. Dole aka gyara littattafan. Radon kuwa, ɗan wannan gidan sarauta, shi ne iskar da ke taruwa a ramukan ma'adinai tana jawo sankarar huhu.

Amma ai tarbiyya gaskiya ce

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Yaro a gida yake tashi. Abin da ya ga ana yi shi yake koya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Iyayen da ke bincike kafin su ba da ɗiyarsu ba wauta suke yi ba, sun ga aure da yawa ya mutu.

Ban ce a bar bincike ba. Tambayata ita ce, mi ake bincika? Akwai mai zuwa unguwar saurayi ya tambayi maƙwabta: yana biyan bashi? Yaya yake da mahaifiyarsa? In ya yi fushi hannunsa na saurin tashi? Yana da abin yi? Wannan yana leƙa zaure ne, inda mutum ke haɗuwa da mutane, kuma amsar da zai samu tana iya canza masa ra'ayi. Akwai kuma wanda tambayarsa ɗaya ce, "su wane ne kakanninsa?", in ya ji amsa ya rufe magana. Wannan ko shaidu ɗari suka zo suka yabi yaron ba abin da zai sauya, don tun farko ba halin yake nema ba. Hasashen Mandaliyef ya zama ilimi ne saboda ya faɗi lamba, ya yarda a auna, kuma da awon ya ƙaryata shi dole ya janye. Hukuncin da ba ya karɓar awo, ko an yi masa ado da kalmomin lekol, sunansa son zuciya.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan nauyi. Sodiyom ba ya jin abin da ake faɗa a kansa. Ka kira shi mai zafi ko mai sanyi, elektoron ɗinsa ɗaya ne. Ɗan mutum kuwa yana ji. Yaron da aka gaya wa tun yana ƙarami cewa irinsu ba sa limanci, ba sa sarauta, ba sa auren ɗiyan wane, ba su da gona sai ta aro, zai girma cikin shingen da aka yi masa. In ya tashi matalauci ko mai jin haushin duniya, sai a nuna shi a ce, "kun gani, halinsu ne." Mu muka dasa, mu muka yi ban ruwa, sannan muka ce daga Allah ne.

Kada a ce wannan tsohon labari ne. Sai a 2003 dokar ƙasarmu ta mayar da bautar da mutum babban laifi mai hukunci. A watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO, da ta zauna a Yamai, ta ba Hadijatu Mani gaskiya, matar da aka sayar tana da shekara 12 a yankin Tawa, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Abin da ya ba mutane ƙarfin halin sayen yarinya shi ne imanin cewa matsayin uwa yana bin ɗiya kamar yadda launin fata ke bi. Wanda ke hana aure don asali bai sayi kowa ba, gaskiya ne, amma daga rijiya ɗaya suke ɗiba.

Valans a bakinmu

Kalmar valans ba a shimi kaɗai take ba. Masanin harshe Bafaranshe Lusiyan Teniyer ya aro ta ya kawo cikin nahawu, a littafinsa da ya fito a 1959 bayan rasuwarsa. Ya ce aikatau kamar atom yake, yana da hannuwa da yake kama sunaye da su. "Musa ya zo", hannu ɗaya. "Musa ya sayi goro", hannu biyu. "Musa ya ba Hadiza goro", hannu uku.

A Hausa abin ya fi daɗin kallo, don aikatau ɗinmu yana canza hannuwansa. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, ya kasa aikatau ɗin Hausa aji bakwai a 1960, bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti. Ku duba: ya sayi goro, ya sayar da goro, ko sayas da goro yadda wasunmu ke faɗi. Ya koyi karatu, ya koyar da karatu. Ya ari kuɗi, ya ara wa wani kuɗi. Ta dafa wake, wake ya dafu. Saiwar kalmar ba ta motsa ba. Abin da ke bakin kalmar, zaurenta, shi ya mai da mai karɓa ya zama mai bayarwa. In ka tsaya kan saiwa kaɗai, ba za ka san ko mutumin ya fitar da kuɗi ne ko ya samu ba.

In har za a kwatanta mutum da wani abu, ya fi kusa da aikatau a kan atom. Saiwarsa ba shi ya zaɓa ba: gidan da aka haife shi, harshen da ya buɗe baki da shi, sana'ar kakansa. Amma ƙarshen da za a liƙa wa saiwar yana sauyawa daga jimla zuwa jimla, kuma a nan kwatancen ma ya gaza, don aikatau sai mai magana ya juya shi, mutum kuwa shi ne kalmar, shi ne mai maganar.

Wannan ne ya sa ba a kai sodiyom gaban alƙali in ya ƙona hannun ɗalibi. Ba shi da yadda zai yi. Ɓarawo kuwa ana hukunta shi don ana ganin da ya so da bai ɗauka ba. Duk yabo da zargi da muke yi wa juna a kan wannan suka tsaya. Wanda ya ce hali a jini yake, ya sani ya sare reshen da yake zaune a kai. In rowar wane daga kakansa take, to ba laifinsa ba ne, a daina zaginsa. In kuma kirkinka daga kakanka yake, to ba abin yabonka ba ne, ka daina taƙama. Ban taɓa ganin mai wannan ra'ayi da ya yarda da rabi na biyu ba.

Abin da ya rage gare mu

Yawancinmu masu karanta wannan ɗan littafi shekara ashirin da ƴan kai gare mu. Nan da ɗan lokaci mu za a riƙa kira in an zo neman auren ƙanwa ko ɗiyar yaya, a ce, "kai da ka yi karatu, mi ka gani?" Za mu zama masu ɗaukar ma'aikata, masu raba maki a aji, masu zaɓen wanda zai shugabanci ƙungiya. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan za a kawo mana sunan gida kafin a kawo mana mutumin, kuma sau da yawa wanda zai kawo sunan babba ne da muke jin nauyinsa.

Ba na cewa a yi wa manya rashin kunya. Ana iya tambaya cikin ladabi: "Baba, ban da maganar kakansa, shi yaron an taɓa kama shi da wani abu?" Tambaya ce ƙarama, amma tana tilasta a koma ga awo. In an ce ba a san komai a kansa ba, to gurbin nan fanko ne, a bar shi fanko kamar yadda Mandaliyef ya bar nasa, a je a gano. A aika mutum unguwarsu, a tambayi wanda ya taɓa ba shi bashi, a tambayi wanda suka yi aiki tare. Hausawa da suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su ne kuma suka ce zumunta a ƙafa take, suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Duka gadonmu ne, mu ke zaɓen wanda za mu ɗauka mu shiga da shi ɗakin shawara.

Masu karatun shimi a cikinmu kuma, ina roƙonku abu ɗaya. Ran da kuka zama mushe kuka tsaya gaban tabulo kuna nuna wa yara layin su sodiyom, ku ƙara jimla ɗaya a darasin: ku gaya musu waɗannan ba wanda ya haifi wani, aikinsu ne ya tara su. A cikin ajin akwai yaron da aka riga aka gaya masa a gida ko a unguwa cewa irinsu ba sa zama komai, kuma yana saurare.